Daga Zaure Zuwa Turaka: Nazarin Wani Gidan Sarauta a Haɗejiya

Masu yabon ginin gargajiyar Hausa sun fi son nuna zankwaye da zanen dagi. A ganina yabon nasu a bango ya tsaya, domin hikimar gidan sarauta tana cikin yadda yake bi da mai shigarsa.

A wani tsohon gidan hakimi na tashi, cikin birnin Haɗejiya. Baƙo yakan yi sallama a zaure, inda maigida ke karɓar gaisuwa da sauraron ƙara. Daga nan sai filin ƙofar gida, sai shigifa, wadda magina suka kautar da ƙofofinta daga juna don kada idon waje ya faɗa kan iyali. Wanda ya isa kaɗai ke wuce ta zuwa turaka da sassan mata. Gidan Rumfa na Kano, wanda Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa, shi ma soro ne bayan soro kafin a kai cikin gida. Har a ƙasar Koriya, gidajen manya na dā sun raba sashen maigida da baƙinsa da sashen mata, kamar yadda ake gani a ƙauyen Hahoe, wanda kogi ya yi wa zobe, wanda kuma UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2010, mutanensa na ciki.

Namu gidan na tubali ne da azarar giginya, a ƙasar da kogi ke cika ya batse. Irin wannan gini yana rayuwa ne da yaɓen rani da gyaran indararo kafin damina. Da muka yi sakaci, ambaliyar 2022 ta kayar da shigifa. Da aka tashi gyara, sai dangi suka zuba shagunan bulo a gurbinta, suka ƙera zankwaye na siminti a kan zaure, kowa ya ce gida ya yi kyau. Yau mai tsayawa a zaure yana hango madafar kakata.

Da ni aka tambaya, da an bar zankwayen an mayar da shigifa, ko da bulo ne, domin ita ce ta koya mana inda baƙo yake tsayawa.