"Ya Warke, a Daina Magani": Kuskuren da Muke Yi

Akwai wani ciwo da muke gani a garuruwanmu na Rumbu, amma ba mu raɗa masa suna ba. Mutum yana zaune lafiya, sai barci ya ƙaurace masa. Ya kwana yana surutu, ya wayi gari ba gajiya. Ya kai ragonsa kasuwar Sakabal ya sayar da araha, ya rabar da kuɗin. Wanda ya hana shi, faɗa. Bayan ƴan makonni abin ya lafa. Wani lokaci kuma ya juye: mutum ya shige ɗaki, ba ci, ba magana, ba zuwa gona, har ya ce gara mutuwa. Likitoci suna ce masa bifoler. Mu kira shi ciwon hawa da sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 40 ne ke da shi.

Ba zan daɗe kan masu sa mari da turu ba. Sarƙa ba ta taɓa sa kowa barci ba. Sukata yau tana kan mutanen kirki, waɗanda suka kai ɗan'uwansu likita.

Wani magidanci a ajinmu na yaƙi da jahilci ya kamu. Wansa ya kai shi asibiti, aka ba shi ƙwayoyi. Wata biyu ya dawo aji, rubutunsa ma ya fi na da kyau. Sai dangi suka ce: "Ya warke, a daina magani." Aka daina. Da kaka ta yi, ciwon ya dawo. Ya buɗe rumbu ya sayar da hatsin shekara cikin kwana uku.

Mun saba da maganin zazzaɓin sauro: kwana uku, shi ke nan. Wannan ba haka yake ba. Ya fi kama da na hawan jini. Lafiyar da kake gani aikin maganin ce. Ka janye shi, ka janye tokarar da ke riƙe da danga.

Kuma ba magani ba ne na saye a tire wajen mai talla, ko na aro wajen maƙwabci. Akwai litiyom, wanda wani likitan Ostareliya, John Cade, ya nuna amfaninsa a 1949. Yana aiki sosai, amma sai ana auna jini. In jiki ya rasa ruwa, saboda zafin bazara ko zawo, yana iya zama guba. Mai shansa ya tambayi likita kafin azumi. Akwai Dépakine, wanda ke iya cutar da jariri a ciki. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa wa likita tun farko.

To, amma a yi adalci. Dangin nan ba mugaye ba ne. Dakwaro da nisa, Maradi ta fi nisa, kuɗin mota ba ya faɗowa daga sama. Ƙwayar tana iya sa kasala da rawar hannu. Shi kansa mai ciwon yakan yi kewar lokacin da yake jin ya fi kowa ƙarfi. Duk wanda ya miƙa wa irin wannan mutum takardar magani ya sallame shi, rabin aiki ya yi.

Sauran rabin yana hannun ƴan'uwansa masu ciwon. A arewacin Gana, wajen Tamale, ƙungiyar BasicNeeds ta fara aiki a 2002, tana haɗa masu ciwon ƙwaƙwalwa da masu jinyarsu suna taimakon juna. Mu ma dabarar ba baƙuwa ba ce. Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi aka fara su a 1991: taro kowane mako, zubi kaɗan kaɗan. Abin da aka yi don jari, me zai hana a yi don lafiya?

Mutum huɗu ko biyar sun isa. Ku tambayi juna: kana barci? Ƙwaya nawa ta rage? Wa zai raka ka ganin likita? Ku yi zubi don kuɗin mota. Wanda ya iya rubutu ya rubuta ranar komawa asibiti. Na lura mai ciwo yakan ji maganar wanda ya taɓa shan irin wahalarsa fiye da ta wansa.

Amma taro ba likita ba ne. Kada wani ya ce wa wani ya rage ƙwaya ko ya ƙara. Abin da aka faɗa a taro kuma kada ya kai bakin rijiya.

In ɗayanku ya yi dare biyu ba barci kuma ba gajiya, kada ku jira ranar kasuwa, ku kai shi likita. In ya fara zancen mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da igiya da maganin ƙwari daga gidan, a nemi mota ran nan.