Jinjina ga Masu Buɗe Ƙofa a Ranar Tarzoma

Titin Ibrahim Taiwo da ke Kano ya ga ranakun da aka kulle shaguna tun kafin azahar. Fagge da Sabon Gari sun ɗanɗana tarzomar Mayun 1953, da ta Oktoban 1991, da ta Mayun 2004. Tarihi ya ƙirga gawarwaki. Waɗanda suka ɓoye bayin Allah kuwa ba mai lissafinsu, su nake yi wa jinjina.

Akwai maigidan da ya shigar da maƙwabcinsa Ibo ta ƙofar baya, ya fito zaure ya zauna da carbi kamar ba komai. Matarsa ta ba matar maƙwabcin zane da mayafi, ta ƙara tsaba a tukunya, ta hana yara leƙen waje. Wannan aiki yana son ƙarfin zuciya, domin masu adda ba sa jin magiya, kuma in asiri ya tonu gidan gaba ɗaya ne zai ci wuta. Idan ƙura ta lafa, shi ne zai raka baƙonsa, ya tsare masa shago har ya dawo, ko allura ba ta ɓata ba.

Irinsu ne suka kwashi masu rauni da bam ya tashi a tashar New Road ranar 18 ga Maris 2013, suka je asibitin Murtala ba da jini bayan harin Babban Masallaci a Nuwamban 2014.

Da babu su, da yawa ba za su sake buɗe shago a Kano ba. Mai karatu, in kana da irin wannan dattijo a layinku, je ka gaishe shi tun yana raye.