Kan Burtu da Hikimar Maharban Kudancin Kano

Masu cewa kayan maharba tarkacen tsafi ne, laya da guru da ƙaho, rigar maharbi kawai suka kalla suka yanke hukunci. Ba su taɓa ɗaukar abin da hannunsa ya sassaƙa sun juya shi ba.

A ƙasashen sanyi irin Kanada gashin dabba ake bi, shi ya azurta kamfanin Hudson's Bay da aka kafa a 1670. Mu nan nama ne gaba, fata ta biyo baya: ta damisa ga sarakuna, ta mesa da ta guza ga majema da dukawan Kano. Daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, inda dajin Falgore yake, wanda Turawa suka keɓe da sunan Kogin Kano, maƙeri ne ke ƙera kan kibiya, amma baka da kwari da dafin kwankwani da asutar gashin wutsiyar doki, maharbi ke haɗa abinsa.

A wurina duk kan burtu ya fi su. A sassaƙa itace mai lanƙwasa kamar wuyan tsuntsun, a lulluɓe shi da baƙar fata, a ɗora baki da ƙoƙon kan burtu na gaske, wani ma ya liƙa masa jajayen 'ya'yan idon zakara. Daga gindi a bar faffaɗan wuri da zai zauna a goshi, da igiyar fata ta ɗaurewa a ƙeya. Nauyin ne wurin gwaninta. In ya rinjaya gaba, wuyan maharbi ya gaji tun kafin ya isa. In ya cika sakayau, ba zai yi rangajin nan na mai caccakar ƙasa ba. Sai maharbi ya yafa baƙin zane, ya duƙa cikin ciyawa, ya yi rarrafe kaɗan, ya tsaya, ya sunkuyar da kai kamar ya ga fara, ya ɗago, iska na kaɗowa daga wajen naman zuwa gare shi. Barewa ta saba kiwo kusa da burtu, don haka ba ta zabura. Wanda bai shekara yana kallon tafiyar burtu ba, kan itacen ba zai tsinana masa komai ba.

Wasu na cewa wannan ha'inci ne, jarumta kuwa tana ga 'yan tauri da karnukansu. Hayaniya dai tana can, ban musa ba.

Su kuma masu ɗora wa maharbin gargajiya laifin ƙarewar namun Falgore, su sake tunani. Kan burtu sai ka zo kusa, ka ga wace ce mai ciki, ka zaɓi ɗaya. Tarkon wayar birkin babur da ake ɗanawa yanzu a kan turbar ruwa ba ya zaɓe: gada, ɗan maraƙin Fulani, karen wani, duk wanda ya sa ƙafa nasa ne, ko da mai tarkon sai bayan kwana uku zai waiwayo.