Gwanin da ke Koya wa Fitilu Rawa

A watan Satumban 1981 mawaƙan Genesis na Ingila suka hau dandamali a birnin Basalona na ƙasar Sifen, jama'a suka sha mamaki: ga fitilu suna juya kai da kansu, suna sauya launi lokaci guda. Injiniyoyin kamfanin Showco da ke Dalas a Amurka ne suka ƙera su, aka sa musu suna Vari-Lite. Daga nan wata sana'a ta kafu, ta mutumin da ke zama can bayan 'yan kallo, gaban tebur cike da maɓallai, irin su grandMA na Jamus ko Avolites na Ingila.

Ita fitila lamba kaɗai take ji. Ana aika mata umarni ta tsarin DMX512, wanda ya fito a 1986: hanyoyi 512 a waya ɗaya, kowace tana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Wata hanyar ta waiwaye hagu da dama ce, wata ta ɗaga kai da sunkuyawa, wata ta launi, wata ta ƙarfin haske.

To, ta yaya haske ke zana da'ira a ƙasa, alhali fitilar ba ta da injin kewaye? A nan gwanintar take. Mai tsarawa zai sa injin waiwaye ya riƙa kai da komo a hankali, ya sa na ɗaga kai ya yi haka shi ma, amma ya bar shi a baya da rubu'in zagaye. Haɗuwar motsin biyu ita ke haifar da da'ira. Idan kuma ya ninka saurin ɗaya, sai siffar lamba 8 ta fito. In fitilu 24 ne a jere, zai ba kowace ɗan jinkiri a kan ta kusa da ita, sai motsin ya bi layin kamar iska ta ratsa gonar gero. Jinkirin nan da ido da kunne ake auna shi, domin tilas ya dace da bugun kiɗa. In ya yi yawa abin ya watse, in ya yi kaɗan ya sandare.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da ba a gani. Kafin fitila ta kunnu, gwani ya riga ya juya ta cikin duhu, ta saita inda mawaƙi zai tsaya, launinta a shirye. Ɗan koyo yakan manta, sai ka ga haske ya share fuskokin mutane yana neman wurinsa. Kuma gwani ya san lokacin da zai tsayar da komai cak, ya bar fitila ɗaya a kan mai waƙa.

Mai karatu, in ka sake kallon babban wasa, ka lura da inda haske yake kafin ya motsa. Wani ne ya kwana yana lissafinsa.