Daga Takarda Zuwa Majigi: Makomar Muryar Mai Ba da Labari

Labarin Bahaushe yana da mai shi. Tun daga tatsuniyar dare har zuwa littattafan farko na boko, akwai wanda ke zaune yana magana, wasu suna saurare. Littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, sun gaji wannan tsari. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ne ke ba da labarin yawace-yawacensa da bakinsa. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin ne ke shaida wa almajiransa asalinsa. A Magana Jari Ce kuwa, wanda ya biyo bayan gasar, aku ne ke riƙe da zaren yawancin hikayoyin. Saboda haka duk wanda zai kai irin wannan labari gaban kyamara, tambayar farko da za ta tare shi ita ce yadda zai yi da wannan murya.

Shaihu Umar ne ya fi dacewa da wannan nazari, domin ya bi matakai uku. An buga shi a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya ba da umarnin fim ɗinsa a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Fim ɗin ya daɗe ba a jin ɗuriyarsa, har aka gano ainihin faifansa a 2016, aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Adamu Halilu bai yar da tsarin littafin ba: da zaman malami da almajiransa fim ɗin ya buɗe, daga nan aka koma baya. Amma da zarar hoto ya karɓi labarin, nauyin ya sauya wuri. A littafi, satar yaro da cinikin bayi da wahalar uwar da ta bi sawun ɗanta har Tarabulus duk suna zuwa mana ta bakin dattijon da ya riga ya sallama wa ƙaddara. Natsuwarsa ce ke sa abin ya yi wa mai karatu ciwo a hankali. A fim kuwa ido ne shaida, mai kallo yana ganin abin a lokacin da yake faruwa, babu dattijon da zai tsaya tsakaninsu. An samu fada da ayari da faɗin hamada, an kuma rage wani abu daga tawakkalin da marubucin ya gina littafin a kansa.

A shekarun 1990 lamarin ya ɗauki wani salo. Marubutan littattafan soyayya na Kano da kansu suka shiga harkar bidiyo. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da In Da So Da Ƙauna fim, Tsuntsu Mai Wayo na Bala Anas Babinlata ya bi sahu, haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Ƙarfin waɗannan littattafai yana cikin saƙe-saƙen zuci da wasiƙun masoya da doguwar hirar ɗaki. Kyamara ba ta iya shiga zuciya, al'ada kuma ba ta yarda a nuna kusantar jiki tsakanin saurayi da budurwa ba. Wannan giɓi na cikin dalilan da suka sa waƙa ta samu gindin zama a fim ɗin Hausa, ban da tasirin fina-finan Indiya: abin da marubuci zai bayyana a shafi uku, sai a ɗora wa mawaƙi.

Rediyo bai fuskanci wannan matsala ba. Mai karanta littafi a gidan rediyo, ko wanda ke ɗora karatunsa a YouTube a yau, yana mai da labarin inda ya fito ne, wato baki da kunne. Ko wanda bai yi boko ba yana samun littafin kusan yadda aka rubuta shi, kuma kowa na zana wa kansa fuskar jarumar da yake so.

Masu kallo kan yi ƙorafin cewa fim bai bi littafi ba. Sau da yawa ba wani babi suke nema ba, muryar da ta raka su a karatu ce suka rasa. Aikin marubucin fim ke nan: ya gane abin da muryar ke yi a littafin, tausasawa ne ko ba'a ko wa'azi, sannan ya nemo wanda zai ɗauki wannan kaya a hoto, ko fuskar ɗan wasa, ko shiru, ko jerin fitowa. Wanda ya kwashi maganganun littafi ya zuba a bakin 'yan wasa bai kai ga wannan aiki ba tukuna.