4.3 Tarken Amfani da "Ƙarfin Iska" Wajen Bayanin Awon Gudun Iska

A wannan sashe za a duba wani rauni da ake samu wajen fassara bayanan kimiyya zuwa Hausa, wato amfani da "ƙarfin iska" a madadin "gudun iska". A maganar yau da kullum, kamar yadda ake ji a Unguwar Sarki, Kaduna, babu laifi a haɗa su. Amma a fagen awo, abubuwa biyu ne mabambanta.

Misali, bututun Pitot, wanda Bafaranshen nan Henri Pitot ya ƙirƙiro a 1732, ana amfani da shi a jiragen sama. Abin da yake aunawa shi ne dannawar da iska ke yi a bakinsa, daga nan a lissafo gudu. Dannawar kuwa ta dogara ga kaurin iskar, wanda abubuwa uku ke sauyawa:

(a) Zafi: iska mai zafi tana buɗewa, kaurinta ya ragu.
(b) Matsi: yana raguwa gwargwadon tudun wuri.
(c) Abin da iskar ta ƙunsa: tururin ruwa bai kai busasshiyar iska nauyi ba, don haka iskar damina ba ta kai ta hunturu kauri ba, idan zafi da matsi ɗaya ne.

Akan daidaita irin wannan ma'auni bisa yanayin gaɓar teku, wato zafi digiri 15 da matsi miliba 1013. Kaduna kuwa tana kan tudu kimanin mita 600. A ranar bazara mai zafin digiri 35, gudun kilomita 100 a awa zai fito kamar 93, muddin ba a yi gyara ba.

Idan mai fassara ya kira duka lambobin biyu "ƙarfin iska", mai karatu ba zai gane dalilin saɓaninsu ba, sai ya zaci ma'aunin ne ya lalace. Wannan ba ƙaramar illa ba ce ga ɗalibi, musamman mai shirin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Bisa ga wannan, ya kamata a keɓe "gudu" ga saurin tafiyar iska, "dannawa" ga abin da ma'auni ke ji, "kauri" kuma ga abin da ya haɗa su. Ashe ke nan Hausa tana da kalmomin, rarrabe su ne ba a yi ba.