Karya-Garkuwa da Ƙanjamau: Tsokaci a kan Ƙamusun Kalmomin Cuta na 2017

A shekarar 2017 wani ayarin masana harshe da ma'aikatan lafiya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan, ya fitar da ƙamusoshi uku na kalmomin da suka danganci HIV da AIDS da Ebola, cikin Hausa da Igbo da Yarabanci. Asusun TETFund ne ya ɗauki nauyin binciken. Wannan takarda za ta dubi ɓangaren Hausa ne kawai, ta kuma taƙaita a kan kalmomi biyu da aikin ya fi shahara da su.

Dalilin aikin ba ɓoyayye ba ne. Da Ebola ta shigo Legas a watan Yuli na 2014, mutum 20 ne suka kamu, 8 suka rasu, amma jita-jitar wanka da ruwan gishiri da shansa ta game ƙasa, har ta halaka waɗanda cutar ba ta kusance su ba. Inda bayani bai isa ga jama'a cikin harshensu ba, jita-jita ce kan cike gurbinsa. Ta fuskar AIDS kuwa, sunayen da bakin jama'a ya laƙaba mata, irin su kabari-kusa, hukuncin kisa ne ga majinyaci tun bai ga likita ba.

Masanan sun zaɓi karya-garkuwa a matsayin HIV, suka bar ƙanjamau ga AIDS. Kalma ta farko ta dace ƙwarai. Garkuwa kayan yaƙi ce da Bahaushe ya sani, kuma siffanta kariyar jiki da ita ya bayyana aikin ƙwayar cutar ba tare da dogon sharhi ba: ba ita ke kisa kai tsaye ba, kariya take rusawa, sai tarin fuka da makamantansa su sami ƙofa. Ƙirarta ma ta bi tsarin harɗaɗɗun kalmomin Hausa na aikatau da suna, kamar hana-salla da ɓata-gari.

Sai dai akwai tangarɗa. Tun kafin wannan ƙamus gidajen rediyo ke cewa cuta mai karya garkuwar jiki, kuma da wannan suna nufin ciwon baki ɗayansa, ba su raba ƙwayar da matakin ƙarshe na rashin lafiyar ba. Ke nan an ɗora wa tsohuwar magana sabon aiki, alhali kunnen mai sauraro bai bar tsohon ba. Rarrabewar kuwa ita ce kan zance, domin a yau wanda ke shan magani a kan kari zai iya rayuwa shekaru da ƙwayar ba tare da ta kwantar da shi ba, har ma idan ta ragu ainun a jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa.

A nan ne nake ganin barin ƙanjamau ya raunana manufar aikin. Kalmar daga ƙanjamewa take, wato ramewa har ƙashi ya fito. Gaskiya ne ta riga ta zauna a baki, kuma ƙaƙaba sabuwa a kanta wahala ce. Amma a zancen yau da kullum duk mai ɗauke da ƙwayar mai ƙanjamau ake ce masa, ko da ya fi mai faɗin ƙiba. Illar ta wuce tsangwama: mutumin da ya ga jikinsa bai rame ba sai ya ɗauka ba shi da bukatar gwaji.

Yana da kyau a kwatanta da littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Kalmomi irin su ginin jimla da ƙirar kalma da tsarin sauti sun rayu ne saboda suna da aji. Malami ya koyar da su, ɗalibi ya rubuta jarrabawa da su, shi ma ya zama malami. Kalmomin lafiya ba su da wannan gata. Da Ingilishi ake horar da likita da malamar jinya, kuma fassarar da majinyaci kan samu a asibiti ta wanda ya tsinci kansa a tsakani ce, ɗan'uwa ko ma'aikacin da ke kusa.

Annobar korona ta 2020 ta nuna inda ƙarfin yake. Cikin 'yan makonni killace kai da takunkumi suka shiga bakin kowa, ta hanyar rediyo da wayar hannu da huɗubar Juma'a. Takunkumi ma, da can na dabba ne, amma aka karɓe shi ba gardama, domin ana jinsa safe da yamma. Matuƙar ana son karya-garkuwa ta tsaya a ma'anarta, wajibi ne ta shiga manhajar makarantun koyon aikin jinya da ɗakunan labarai na Kano da Kaduna da Sakkwato, ta kuma ƙetara zuwa Maraɗi da Damagaram, inda ma'aikacin lafiya da Faransanci ya yi karatu, kuma SIDA ya san ciwon.